Awa Shida Da Na Gaya Maka

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka daga ɗakinka na Rikoto. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma bakina ya yi nauyi a bakin kabari, shi ya sa na ɗauki biro.

Gida lafiya. Dawar gonarmu ta Manga ta yi kyau, Yaya Istifanus ya cika rumbu biyu. Mama tana cin abinci, sai dai har yanzu hannunta na kaiwa ga kwanonka in ta zo rabon tuwo.

Baba, na yi maka ƙarya. Ka tuna ranar da na samu aikin nas a Landan, ka tambaye ni nisan wurin? Na ce daga filin jirgin Abuja zuwa na Landan awa shida ne. Ka yi dariya, ka ce ashe Legas ma ta fi shi nisa. Na bar ka a haka don ina tsoron ka hana ni tafiya. Ban ce maka kilomita kusan dubu biyar ba ne. Ban faɗi neman izini a asibiti ba, balle jiran kujera a jirgi, balle hanyar Kontagora. Kai kuwa har a ƙofar coci kana gaya wa mutane 'yarka tana nan kusa, awa shida kawai.

Ranar Talata Yaya ya kira ni daga shagon mai waya, ya ce jikinka ya tsananta. Sai Juma'a na samu tashi. Jirgin bai saɓa ba, awa shidansa ya yi. Motar da na shiga daga Abuja ce ta cinye yini guda. Muna wajen Rijau, saura kaɗan mu iso gida, ka cika. Me zan ce maka? Na riƙe hannun tsofaffin wasu ba adadi, naka ban riƙe ba.

Jiya na kasa daurewa, na gaya wa Mama komai. Ta dube ni ta girgiza kai. Ta ce tun kafin in tafi ka je wurin abokinka, tsohon sojan nan da ya taɓa zuwa Lebanon, ya lissafa maka tafiyar tiryan-tiryan. Ka sani sarai. Ka ci gaba da faɗin awa shida ne don hankalinta ya kwanta, ni kuma in tafi da sakakkiyar zuciya. Sai ranar ƙarshe ka gaya mata gaskiya, ka ce su daina duban ƙofa, tafiyar kwanaki ce, kada wanda ya ga laifina.

Haba Baba, shekara biyar kana taya ni riƙon ƙaryata, ko a fuska ba ka nuna ba? Ni da nake ganin na yi maka wayo.

Na gode. Ka yafe mini, ko da yake Mama ta ce ka riga ni.

Ka huta lafiya, sai mun sadu a gaban Ubangiji.

Taka 'yar auta,
Rifkatu