Faifan 'Yarki

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zafin Sakkwato? Ya maigidan da yara, ya ƙafar taki? Mu nan Gangaren Tudu, Keffi, lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ƙara na kawo, kuma ke nake ƙara. Malamar su 'yarki ta buɗe wa iyaye guruf a waya, duk Juma'a tana turo abin da yara suka yi a aji. Wannan makon aka ce kowa ya kawo aikin hannu. Kwana uku ina zaune da ita muna ɗinkin faifai, har yatsana ya kumbura.

Jiya sai ga bidiyo. 'Yarki ta ɗaga faifan, malama ta ce, "Wa ya koya miki?" Buɗar bakinta sai cewa ta yi, "Mamana ta Sakkwato." Ke fa, Yaya! Ke da rabonki da Keffi shekara biyu!

Na san laifina ne. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ke kika goya ta, ke kike yi mata wasa. Amma wallahi abin ya tsaya mini a rai. Iyaye suna ta rubuta "madalla da 'yata". Ni ma na rubuta sunanta, kunya ta sa na goge.

Ki sa mu a addu'a, jarrabawa ta matso. Ki gaida kowa. Bidiyon kuwa ba zan turo miki ba, ko shi ki bar mini.

Ƙanwarki,
Asabe