Baba Musondo Ta Koma Gindin Kurna

Zubair, Basra

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Najiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Suwidin da kike ta kuka da shi. Mu nan lafiya lau, sai zafin da kika sani. Ƙafar Gwaggo Badriyya ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da masu kifi a kasuwa. Na zaɓi in rubuto da hannu ne saboda in a waya ne za ki katse ni, ni kuma in fashe da kuka kafin in kai ƙarshe.

Yaya, zancen sayar da gidan Inna ne, amma sai na fara ba ki labarin ranar da tunanina ya juya. Kin san tun rasuwar Baba, da Inna ta rufe tsakar gida aka daina kiɗa a can, makaɗanmu suka koma tsohon rumbun dabino na haya. To, an rushe rumbun an yi shaguna. Gangunan duka aka jibge mana a ɗan ɗakinmu, har da Baba Musondo, doguwar gangar kakanmu, wadda aka hana mu tsallakewa muna yara. Mijina Marzuƙ ba ya iya ko gwada ta, don da ya ɗora hannu maƙwabcin sama zai fara dukan bene da tsintsiya. Yaran da yake koya wa kiɗa suka watse. Ana haka wani ɗakin taro na al'adu ya yarda ya ba su aron zaure duk ranar Alhamis. Muka yi ta murna, ni har sabon mayafi na sa.

Zaure ne mai kyau, sanyi kamar cikin randa. Sanyin ne ya jawo abin, domin fatun ganguna duk suka saki, ka buga ka ji kamar ana dukan katifa. Kawu Mabruk, babban makaɗinmu, ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin an ta da ganga ba a gasa mata fata ba. Ya fito da kaskon garwashinsa daga cikin buhu, ya hura, ya zuba turaren lubban kamar yadda aka saba. Hayaƙi na tashi wata ƙararrawa ta fara ihu, mai gadi ya faɗo da mesar ruwa ya wanke mu tas, mu da ganguna. Gwaggo Badriyya, ruwa na ɗiga daga haɓarta, ta ce wa Kawu ai ga shi tsufa ya yi masa rana, an yi masa wankan da ya shekara yana gudu. Shi kuma ya ce ta yi shiru, tsohuwar kifi, ai ita gida aka mayar da ita. Kowa ya yi dariya ban da Marzuƙ. Ya rungume Baba Musondo yana goge ta da rigarsa, shugaban wurin kuma yana faɗa mana cikin ladabi cewa babu wuta, babu turare, kuma a riƙa tashi kafin magariba.

Jiƙaƙƙiyar fata ba a shanya ta a rana, sai a inuwa mai iska, in ba haka ba ta tsage. Ba mu da irin wannan wuri, sai na tuna mabuɗin gidan Inna yana jakata. Yaya, rabona da shiga tun sadakar arba'in ɗin Inna. Kurna ta zubar da 'ya'ya ko'ina, tanderun Inna yana nan da tokarsa, ƙusar da Baba yake rataye rawaninsa ma tana nan. Muka jera gangunan a gindin kurna. Da suka sha iska Kawu ya gasa Baba Musondo, ya ɗan taɓa ta da yatsu don ya ji ko ta mutu. Ba ta mutu ba. Kafin a jima tsofaffin unguwa sun cika ƙofa, Umm Faraj makauniya tana laluben bango tana tambaya ko Jauhar ne ya dawo. Sunan Baba ke nan a bakinta bayan duk shekarun nan. Na tuna daren Alhamis ɗinmu, ke kina raba shayi, ni ina ɓoye a bayan tanderu da littafina, Inna tana cewa wannan yarinya sai ta ƙona gida tana jiran jarumin takarda.

Kin san burina da rabona na kuɗin gidan. Ke kika fi kowa yi mini dariya a kansa: bene mai baranda yana kallon kogi, farin labule, ni ina karatu iska tana kaɗa shi, kamar matan cikin littattafaina. Har yanzu ina son labulen nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma mai sayen ya riga ya faɗa mini zai sare kurna ya zuba siminti ya yi wurin ajiye motoci. Kuma na gane kayan aro ba ya rufe katara. Muddin a zauren wani muke, wani ne zai ce mana ga lokacin da za mu hura wuta.

Kada ki zargi Marzuƙ, wallahi bai roƙe ni ba. Da na faɗa masa ma cewa ya yi in bari, kada a ce ya auri marainiya don gida. Na je wurin wata lauya, ta ce makaɗan za su iya yin rajistar ƙungiya, in ba su rabona waƙafi, yadda ko bayan ranmu babu magajin da zai kore su. Rabonki kuwa naki ne. Na san kina da yara da hayar gida a ƙasar mutane, ba zan yi kyauta da abin da ba nawa ba. Ƙungiyar ta yarda ta riƙa biyan ki haya har ta iya saye, in kin amince. In kuma ranki ya ɓaci, ki faɗa mini kai tsaye, zan ɗauka. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Ki gaishe mini da maigidanki Abu Salwan, da Salwan, da ƙaramar Hasna wadda ban taɓa ɗauka ba. Gwaggo Badriyya ta ce ta ajiye miki busasshen kifi, Kawu Mabruk kuma ya ce ki aiko masa da rigar ruwa.

Mai sayen zai zo da takardunsa bayan Sallah. Ba zan sa hannu ba, Yaya. Na riga na share ɗakin Inna, ranar Asabar za mu tare.

Taki ƙanwa har kullum,
Sabiha