Ranar da Na Fitar da Tafinta

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗiya ga uwarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Dakoro lafiya muke. Damina ta zauna, hatsi ya yi kai, Baba yana nan da rigimarsa da ciwon gwiwarsa.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike, kuma na san wasu ne za su karanta wannan. Ba komi. Ko da kina raye ma sai an karanta miki, kina ji kina cewa 'yan lakwal, mu 'yan boko, ba su iya gajarta magana ba.

Inna, na yi wani abu a wurin aiki wanda ya sa wani babban mutum ya daina amsa gaisuwata. Ban yi nadama ba, kuma ke nake so in fara gaya wa dalili.

Kin san yadda gidan likita yake cika ranar kasuwa. Mutanen rugage suna sayar da bisashe, su biyo da marasa lafiyarsu kafin su koma. Da yawa daga matan ba sa jin Hausa, kuma tun da na fara aikin jinya hanya ɗaya na tarar: wanda ya kawo mace shi ne tafintanta. In babu, a leƙa waje a kira duk wanda aka samu a kan benci. Shekaru na yi ina bin wannan hanya ban taɓa ganin laifinta ba, har ina gode wa masu fassarar.

Ran nan wata matashiya ta shigo. Zan ce da ita Dija, ko da yake ba sunanta ba ne. Mijinta ya yi arewa da shanu, don haka yayan mijin ne ya ɗauko ta a moto, wato babur, wani Alhaji dattijo dillali mai Hausa kamar a bakinsa aka yanka mata cibiya. Na tambaya, ya fassara, ta yi magana ƙasa-ƙasa da bakin mayafi a haƙoranta, ya juyo ya ce ciwon kai ne. Na buɗe karnenta, littafin da muke rubuta jinyarta, na ga zuwanta biyu kafin wannan, duka an rubuta ciwon kai, duka an ba ta magani ta tafi.

Har na ɗauki biro. Sai na dubi yadda ta karkata jiki ta ba shi baya, idonta a ƙasa, na gan ki ƙiri-ƙiri.

Ke ce in yayan Baba ya yi sallama kina cin tuwo, kike kife kwano ki tashi, kamar an kama ki da kayan sata. Ko ruwa ba ki sha a gabansa. Muna yara muna dariya, muna cewa kunyar Fulani ta kusa kashe Inna da yunwa. To macen da ba ta iya haɗiye ruwa a gaban suruki, ta yaya za ta gaya masa abin da ke ƙarƙashin zanenta, don ya maimaita wa wata da ƙarfi?

Kuma ke ce kika ɓoye naki ciwon har ya ci ƙarfinki. Duk sanda na matsa miki mu tafi likita, amsarki ɗaya: "Abin da ka hwaɗa ma likita da hantsi, kahin la'asar ya kai bakin rijiya." Na yi ta jin haushinki, ina cewa tsohon tunani ne. Yanzu da nake cikin aikin na san ba ƙarya kika yi ba, kin ga an yi wa wasu. Ba zan rubuta abin da ya same ki a nan ba. Naki ne, kuma ba ki ba ni izini ba.

Na ajiye biron, na rusuna, na roƙi Alhaji ya ɗan jira mu a waje. Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Ya ce shi ne uba a gidan, shi ya kawo ta, kuma in ya fita wa zai ji bakinta? Na ce ni zan ji. Na je na riƙe ƙofa ina ta ba shi haƙuri, ban kuma sake ta ba sai da ya tattara babbar rigarsa ya fita. Sannan na rufe.

A nan fa ido ya raina fata, don kin san irin Fulatancin da ke bakina. Kina yi mini, ina mayar miki da Hausa, saboda 'yan ajinmu suna kira na mai tallar nono. Abin da ya maƙale mini shi ne na faɗa da na aike: zo nan, ɗauko ƙwarya, rufe bakinki. Da shi na fara. Dija ta ɗaga kai ta dube ni, dariya ta kuɓuce mata, ta ce ina magana kamar ɗiyar da aka yaye bara. Daga dariyar sai hawaye. Daga nan ta faɗi abin da ya kawo ta, da baki, da hannu, da nuni, ni kuma ina maimaitawa har ta gyaɗa kai.

Ba ciwon kai ba ne. Iyakar abin da zan gaya miki ke nan, Inna, ke da masu leƙen takardar nan.

A makarantar jinya an koya mana cewa maganar mara lafiya amana ce, doka ma ta ce haka. Kada a bar karne a buɗe a kan tebur, kada a kira mutum da sunan cutarsa, kada a ɗauki hoton takardarsa a salula. Duk na haddace na ci jarrabawa. Amma ba wanda ya ce mini tafinta ma kunne ne, kuma da ƙafafunsa yake komawa gida.

Na tambaye ta wa take so ya sani, kuma me za a gaya masa. Ta jima tana tunani, don ina jin ba a taɓa yi mata wannan tambaya ba. Ta ce a gaya wa Alhaji ba ciwon da ake ɗauka ba ne, kuma dole ta dawo bayan kwana bakwai. Sauran ita za ta faɗa wa mijinta da bakinta in shanu sun sauko.

Abin da na gaya masa ke nan, ban ƙara ko wasali ba. Ya cika yana batsewa. Ba mugun mutum ba ne, Inna, in faɗi gaskiya. Ya bar cinikinsa a ranar kasuwa ya kawo matar ƙanensa, kuma a ganinsa wata yarinya mai farar riga ta wulaƙanta shi a gaban 'yan benci. Ya ce tunda ba a ɗauke shi mutum ba, motonsa ba zai sake ɗauko ta ba, in ga yadda zan yi.

Wannan ce ta tsaya mini a rai. Na san abin da ke jikinta, na san in ta tsallake wannan ranar ciwon zai riga mu, ga rugarsu can bayan Ɗan Gulbi, ba tafiyar ƙafa ba ce ga mai irin halinta. Da kalma biyu zan iya sauke fushinsa. Amma kalmomin ba nawa ba ne, kuma na ba ta alkawari a harshenki.

Alhaji ya kai ƙarata wurin majo, shugaban gidan likitarmu. Majo ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce ko shi da yake shugaba bai tambaye ni ba. Daga nan Alhaji ya tare Baba a ƙofar masallaci. Baba ya dawo gida ya wanke ni tas, ya ce taurin kan uwata na kwaso. Da ya huce ya matso ya rage murya, wai to mene ne ke damun yarinyar? Na ce Baba, kai ma? Ya yi tsaki ya nemi sandarsa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, satin nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ban taɓa shakkar cewa daidai na yi ba, amma sanin ka yi daidai ba ya ɗauko mara lafiya daga ruga.

Ranar ta zo. Hantsi ya wuce, aka kira azahar, benci ya fara ragewa. Duk moton da ya tsaya sai na leƙa. Can wajen la'asar na ji ƙarar amalanke, na fito na ga jaki ya jiƙe da gumi, Dija a zaune a kan buhu, wata tsohuwa goggonta ce riƙe da igiya. Tun asuba suka taso, ba namiji ko ɗaya tare da su.

Na duba Dija, na yi mata abin da ya kamata, na rubuta mata takardar zuwa Maraɗi, kuma da yardar Allah mun tari abin da wuri. Ta fita, na fara tattara kayana.

Sai ga tsohuwar a bakin ƙofa. Na ɗauka sallama ta zo yi. Ta shigo, ta waiga, ta tura ƙofar da hannunta har ta rufu, ta zauna a kujerar marasa lafiya. Ta ce Dija ta gaya mata akwai ɗaki ɗaya a garin nan da magana ba ta fita, ita kuma tana da wadda ta riƙe damina huɗu.

Tsararki ce, Inna. Hannuwanta irin naki, har tsagar gefen baki. Na ja kujerata kusa da ita, na saurara, kuma sai da na juya na goge ido kafin in iya rubutu. Da kin sami ɗaki irin wannan, da wataƙila yau kina tsakar gida kina gyara mini Fulatanci.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya rufa miki asiri ranar da asirai ke tonuwa. Ya ba Dija da goggonta lafiya, Ya sanyaya zuciyar Alhaji, ni kuma Ya ɗaure harshena a kan amanar mutane har in iske ki.

Wassalam.

Ɗiyarki ta fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta.