Mun Ce wa Yaro Kakansa na Tsohon Gari

Zuwa ga Malam Labaran mai filin shawarwari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali da gajiyar aiki, don Allah Malam ka taimake ni tun abin bai wuce gyara ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi.

Ni mutumin Maradun ne, cikin waɗanda anka tasa lokacin da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci tsohon garinmu. Ina da yaro guda, shekararsa huɗu. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi, ka ga kunya biyu ke nan. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa ɗora shi a cinya ba. Mata na kiransa Malami, don mahaifina malami ne.

Shekara biyu ke nan, ranar da anka yi abin da anka yi tsakanin manoma da 'yan sanda a bakin dam kan maganar gonaki, mahaifina ya fita da sauran dattawa bai dawo ba. Ba mu ga gawa ba, ba mu da kabari. Mu maza ba mu zancen ranar, ko a gindin bishiya. In an zo kusa da ita sai wani ya tambayi farashin gero.

Mata kuwa kullum suna tsohon gari da baki. Inna, mahaifiyata, da mai ɗakina in suna surfe sai ka ji: rijiyarmu ta fi wannan daɗi, tsamiyarmu na bayan masallaci. Ba su cewa a da. Kamar garin na nan, mu ne munka yi tafiya. Inna kan shafa kan yaron ta ce cibiyarsa ma can anka binne ta. Da ya fara tambayar ina mai sunansa, sai ta ce yana tsohon gari yana karatu.

Abin da na lura, Kubura ɗiyar wana, da ta girme shi da shekara guda, an gaya mata gaskiya. Na tambayi Inna dalili, ta ce mace ita ke riƙe labarin gida, ta yi kukanta ta share. Namiji kuwa in ya ji tun yana ƙarami, da ƙullaci zai tashi, wata rana ya fita shi ma kada ya dawo. Ta ce ta ba da guda, ba ta ƙara ba da wani.

To Malam, bana da bazara ruwa ya ja baya, kan tsamiyar nan ya fito, busasshe, ana hango shi daga tudu. Wani ya nuna wa yara. Ran kasuwa da hantsi anka nemi yaron anka rasa. Sanusi masunci ya kawo shi, jiƙe har ƙirji. Ya ce ya tarar da takalmansa a jere bakin ruwa, kamar yadda ake aje su ƙofar masallaci. A aljihunsa akwai ɗumamen tuwo, wai zai kai wa kakansa.

Uwarsa ta doke shi. Inna ta ce mutanen ruwa ne, ta karɓo laya ta rataya masa. Ni na san ba iska ba ne, maganarmu ce ya bi. Bayan kwana tara anka sake tare shi a hanya.

Yanzu ya bar tambaya, kuma shi ne abin da ke tayar mini da hankali. Ba ya kuka, ba ya wasa sosai. Jiya na ga yana raba ƙosansa biyu, ya ci rabi ya sa rabi a hula. Na tsaya ina kallonsa. In na yi magana na ƙaryata uwata, na keta kunyar ɗan fari, na buɗe zancen da maza sunka rufe. In na yi shiru, ga ruwa nan, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Mi zan yi?

Naka,
Na Bakin Ruwa, Maradun

*

Ɗana Na Bakin Ruwa,

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta.

Kafin komai: daga yau kada a bar yaron nan shi kaɗai, ko na ɗan lokaci. A san hannun wa yake a kowace sa'a, a kuma gaya wa Sanusi da sauran masunta su sa ido. Duka ba zai hana shi ba, sai dai ya koya masa tafiya a ɓoye. Rabin ƙosan nan guzuri ne.

Inna ba ta yi don mugunta ba. Tsoronta na da tushe, kuma wadda ta rasa miji ba tare da ta ga likkafaninsa ba, ba a yi mata gardama da zafi. Amma ta ji tsoron abin da zai faru bayan shekara ashirin, ta manta da na wannan mako. Ka same ta ita kaɗai, cikin ladabi, ka ba ta labarin takalman da aka jera. Ka roƙe ta ita da bakinta ta warware maganar, don ita yaron ya yarda da ita. Labarin tsohon gari kuma kada su daina, gadonsa ne kamar yadda yake na Kubura. Su dai riƙa cewa a da. A da akwai rijiya, a da akwai tsamiya, yanzu ruwa ne, ba kowa a ciki.

Kai kuma, kunyar ɗan fari ado ce, ban ce ka yar da ita ba. A gaban mutane ka ci gaba da abinka. Amma ka ɗauke shi a keke ku tafi gona, inda ba mai ganinku, ka zaunar da shi ka ce: kakanka ya rasu, ya koma ga Allah, ba ya cikin ruwa, ba ya jin yunwa. Ɗan shekara huɗu ba ya bukatar fiye da haka. Zai sake tambaya sau goma, ka amsa sau goma, ba tare da ka canza magana ba. Yadda aka yi ya rasu ka ajiye sai ya yi hankali, amma ya ji daga gare ka, kada ya tsinta a bakin kasuwa.

Yaron nan so yake ya kai wa kakansa wani abu, to a nuna masa hanyar da ke isa. Ka ba shi allon marigayi ya zama nasa, ka koya masa Allah ya jiƙan Malam. Rabin ƙosan kuma ya miƙa wa mabukaci sadaka da hannunsa, ka gaya masa ta haka ake aika wa waɗanda suka rasu.

Kada ka jira ranar kasuwa ta zagayo. Ruwan nan ya ci gari, ya ci gonaki. Kada shirunka ya miƙa masa Malami.

Allah ya raya shi, ya ba ka ƙarfin buɗe baki. Ka gaishe mini da Inna.

Malam Labaran