Ƙorafi kan Naɗin Ɗan Riƙon Alƙali a Hukumar Sa Ido kan Alƙalai

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Naɗe-naɗe,
Ofishin Kwamiti, Hawa na Uku.

Daga:
Tafintan Kotu ta Biyu.

Kwanan wata: 9 ga Mayu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: NAƊIN MAMBA NA HUƊU A HUKUMAR SA IDO KAN ƊABI'UN ALƘALAI

Bayan gaisuwa da ban girma, ina sanar da Mai Girma cewa ni ne na shigar da ƙorafi a asirce ranar 17 ga Fabrairu a kan Mai Shari'a na Kotu ta Biyu, inda nake aikin fassara. Ya kira ni ofishinsa ya umarce ni in juya maganar wata tsohuwa mai ba da shaida, inda ta ce ba ta gani ba in ce ta gani. Na ƙi. An ba ni tabbacin babu mai ganin sunana sai mambobin Hukumar, bayan sun yi rantsuwa. A kan wannan alkawari na sa hannu.

1. Ranar 5 ga Mayu aka liƙa sunayen sababbin mambobi a allon sanarwa. Na tsaya na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu, mai wakiltar lauyoyi, shi ne wanda duk ma'aikatan kotunmu ke kira Lauyan Gida.

2. Na san ƙa'ida ta hana dangin alƙali na jini ko na aure zama a kan maganarsa, kuma Lauyan Gida ba ya cikin ko ɗaya. Riƙonsa aka yi. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, Mai Shari'a ya ɗauke shi, ya sa shi makaranta, ya yi masa aure. Har gobe Baba yake ce masa. In ya shigo ofis ba ya zama sai an ce ya zauna, kuma ban taɓa jin ya kama sunansa ba. Ranka ya daɗe, wanda bakinsa ba ya iya kama sunan mutum, ta yaya zai tuhume shi? Ban ce mugu ne ba. Ɗa ne nagari, kuma abin da ke hana ni barci ke nan.

3. Bara masinjanmu ya yi gunaguni a kan Mai Shari'a a wurin mai shayi. Kafin mako ya zagayo an tsare shi da laifin raina kotu. Ya fito ba aiki, yanzu ko gaishe shi aka yi sai ya waiga tukuna. Shi fa magana kawai ya yi, ni kuwa rubutawa na yi.

4. Mai Shari'a bai saba amsa gaisuwata ba. Shekaranjiya ya tsayar da ni a matakala, da fara'arsa, ya tambayi jikin maiɗakina, sannan ya tambaye ni ta wace hanya autata ke dawowa daga makaranta. Wataƙila kirki ne kawai, Allah ya sa haka. Amma tun daga ranar, uwarta ce ke zuwa ɗauko ta da kanta, da ciwon ƙafarta da komai. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a dakatar da rantsar da mamba na huɗu, wanda aka sa ranar 16 ga Mayu, har Kwamiti ya duba ko riƙo ma dangantaka ce. Idan hakan ba zai yiwu ba, a hana shi buɗe fayil ɗina.

Roƙona na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Magatakardan ofishinku ya shaida mini cewa bisa ƙa'ida, duk ƙorafin da ya shafi Hukumar ita ake tura wa don ta ba da amsa. Don girman Allah kada a tura wannan takarda. In ba abin da za a yi mini, a yaga ta a ofishinka, zan gode.

An ce ba a karanta takardar da babu sa hannu, shi ya sa na sa.

Naka mai biyayya a kullum,

(sa hannu)
Tafintan Kotu ta Biyu