Ƙarfen da Na Aiko

Bukuru, 3 ga Disamba, 1951

Zuwa ga Kawu Dogara, dattijon ikilisiya, Paki.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Innata da sauran masu bi? Ni lafiya lau, sai dai sanyin ramin kuza da ke taɓa min ƙirji.

Kawu, guntun ƙarfen reluwen nan da na aiko muku, a kaina na kai shi tasha, domin a rataya a bishiyar ɗorawa ya zama ƙararrawar majami'a, Inna ta daina makara sujada. Yanzu Barnaba ɗan garinmu ya zo ya ce tun damina kuka ba maƙeri ya ƙera fartanyoyin gonar majami'a. Ko shawara babu!

Allah ya albarkaci girbin kaka. Ranar Kirsimati kuwa, sai ku kaɗa wa Inna fartanya.

Ɗan ƙanwarka,
Istifanus