Kifin Tanko a Hannuna

Litinin, 11 ga Afrilu, 1994

Tanko ya shigo ɗakin malamai da sabuwar shadda yana ta washe baki, wai ya aika maƙala zuwa wata mujallar ilimi a Zariya. Tanko fa! Yaron da ni na koya wa riƙe alli a kwalejin nan. Kujerar babban malami guda ce a sashenmu, ni da shi muke nema, kuma shugaba ya ce wanda mujalla ta karɓi aikinsa shi ke gaba. Ni ba ni da komai a hanya. Na ce masa Allah ya sa albarka, a ciki-ciki.

Asabar, 16 ga Afrilu

Ikon Allah. Ambulan daga Zariya, da sunana. Editan mujallar ya ce ya karanta wata maƙala ya ga ta isa a duba ta, ya cire sunan marubuci, ya aika wa mutum biyu da suka san fannin, ni ne ɗaya. In zaɓa: a buga, a gyara, ko a yi watsi. Kuma sirri ne, marubuci ba zai taɓa sanin wanda ya duba ba.

Sun cire suna, amma wa zai cire Warra? Raguwar kifin karfasa a tafki, awon kifi a bakin ruwan Warra. A duk ƙasar Yauri wa ke yawo da sikeli a bayan babur in ban da Tanko? Babur ɗin ma nawa ne, aro yake yi.

Lahadi, 17 ga Afrilu

Na karanta. Haushi ya hana ni cin tuwo, don rubutun ya yi kyau. Ina ya koyi wannan Turanci?

Talata, 19 ga Afrilu

Na kama shi!

Kifin da aka sauke a gaɓa kaɗai ya auna. Ɗan birni ne, bai san mata masu bandar kifi ba su jiran gaɓa ba. Tun kan ruwa suke tarye masunta Sarkawa da kwalekwalensu, su kwashe na kirki, abin da ya rage shi ke isowa sikelin Tanko. Ni a cikin hayaƙin bandar Inna na girma, na sha tuƙa ta zuwa taryen nan. Lissafinsa duka ya karkace. Layi biyu zan rubuta, a yi watsi, shi ke nan, kuma ba ƙarya na yi ba.

Har na yi waƙa a wanka. Matata Kande ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Matar nan ba ta barin mutum ya ji daɗinsa.

Juma'a, 22 ga Afrilu

Na zauna in rubuta layi biyun nan, na tashi da shafi huɗu. Laifin alƙalami ne. Ina fara bayanin kuskuren sai na ga yadda za a gyara shi: ya shiga jirgi ya auna a kan ruwa, ya kwatanta da na gaɓa. In ya yi haka aikin zai fi na da nesa ba kusa ba, abin takaicin ke nan.

Bayan masallaci Tanko ya tare ni. "Yaya Mamuda, ka ji shiru daga Zariya, ko barci ba na yi." Ya rame kuwa. Na ce haka suke.

Litinin, 25 ga Afrilu

Na kai gidan waya. A gyara. Kada wani ya ce tausayi ne. Ba na son wani mai dubawa can ya gano abin da na gano, a ce ɗan Yauri bai san ruwansu ba.

Alhamis, 7 ga Yuli

Amsa ta zo masa. Mai dubawa na farko ya ce a buga, bai ga komai ba, malalaci. Edita ya bi na biyu. Tanko ya baje shafukana a teburina yana karanta mini da ƙarfi. "Yaya, dubi ilimi! Wannan wani farfesa ne na Ibadan, irinmu na nan ina za mu iya?"

Na cije leɓe har ya yi jini. Yanzu kuma kishin farfesan Ibadan nake yi, wanda babu shi.

Asabar, 16 ga Yuli

Ya roƙi in raka shi Warra, tsoron ruwa yake ji. Ya yi amai a jirgi, matan suka yi ta masa tsiya. Na ji daɗi ƙwarai. Amma ni na riƙe sikelin.

Litinin, 17 ga Oktoba

Sun karɓa. An ba shi kujerar.

Talata, 18 ga Oktoba

Ban so zuwa aiki ba, Kande ta ajiye mini takalma a ƙofa, na saka na fita. Har yanzu ina ganin na fi shi cancanta, wannan ba zan janye ba.

Ya same ni wurin mai shayi, ya kasa haɗa ido da ni. Can ya ce, "Yaya, na san kai ya kamata. Mutumin nan da ya duba aikina shi ya ba ni. Ban san shi ba, amma wallahi bayan kowace salla sai na roƙa masa Allah ya ɗaukaka shi."

Maganar cewa ni ne ta zo mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta da shayi, na ce amin.

Amin ɗin da ƙarfi ma ya fito, har mai shayi ya waiwayo.